Ina Sharar Gidanku Take Kwana?

(Kiɗan buɗe shiri, sannan a rage sauti)

 Iyayenmu mata da ke madafi kuna jin mu da kunne ɗaya, sannunku da aiki. 'Yan makaranta da kuka dawo kuna cire inifom, ku matso kusa da akwatin rediyon, domin rabin maganar yau taku ce.

Ga hadari ya fara haɗuwa ta gabas, damina tana bakin ƙofa, shi ya sa na zo muku da tambaya guda. Sharar da aka share a tsakar gidanku yau da safe, ina take yanzu? Na san amsar da da yawa za su ba ni: an ba yaro ya kai bola. To, wace bolar? Kin taɓa bin sa a baya, uwar gida? Sau da yawa yaron nan bai wuce lungu na biyu ba. Ya waiga dama, ya waiga hagu, ya juye kwandon a kwata, ko a kangon da mai shi bai fara gini ba, ko a bayan katangar makarantar firamare. Ya karɓi ladansa, ke kuma hankalinki ya kwanta gida ya yi fes. Amma sharar tana nan, taku ɗari daga ƙofarki, tana jiran ruwan farko.

Ba haka abin yake ba a da, kuma ba wai don kakanninmu sun fi mu tsoron duba-gari ba ne. Sharar ce ta canza. A zamaninsu me ake sharewa? Toka, kashin awaki, ƙaiƙayi, ɓawon gyaɗa, busasshen ganye, ragowar kara. Duk abubuwan da ƙasa ta sani ne, ta kuma iya cinye su. A birnin Kano har ciniki ake yi a kansu. Mutanen ƙauyukan kewaye su shigo da jakuna ɗauke da itace da hatsi, su koma da mangala cike da takin gari. Da wannan takin ne gonakin da ke zagaye da birnin suka daɗe ana noma su shekara bayan shekara ba hutu, ba su kuma mutu ba. Har gobe manoma suna sayen tifar bola su zuba a gona da rani. Sai dai ku je ku ga abin da ake juyewa yanzu. Manomi zai wuni a sunkuye yana tsince leda, fasassun kwalabe, mataccen batir, kunzugun jarirai na zamani, wani lokaci har da allurar asibiti. Abin da bai tsince ba ya shige ƙasa, ya tare wa saiwa hanya, ya hana ruwa nitsewa.

To mu tsaya a kan ledar nan, tunda ita ce uwa uba.

Ku bi ni kasuwa mu sayo cefane. Tumatir na ɗari biyar, an ƙulla a leda. Attaruhu, leda. Albasa, leda. Daddawa, leda. Manja a ƙulla a leda, a sake saka shi a wata don kada ya fashe. Nama leda biyu. Sannan a kawo babbar baƙa a haɗa su gaba ɗaya. Kafin mutum ya hau adaidaita ya riƙe leda takwas ko tara, a kan miyar rana ɗaya. Aikin kowace daga cikinsu bai wuce na rabin sa'a ba, daga kasuwa zuwa gida. Bayan nan kuma sai ta shekara aru-aru ba ta ruɓe ba, domin daga man fetur aka yi ta, ƙwayoyin da ke ruɓar da ganye da kara ba su da abin yi da ita. Rana za ta gasa ta, ta yi rauni, ta marmashe, amma marmashin yana nan cikin ƙasa da ruwa.

Wanda bai yarda ba ya tambayi mahauci. Kowane mahaucin da ya daɗe a sana'a ya taɓa farka tumbin akuya ko na saniya ya ciro dunƙulen leda, ta murɗe ta cure ta yi tauri, baƙi ƙirin. Dabbar ta ji ƙanshin gishiri ko na mai a jikin ledar, ta haɗiye. Ba ta narkewa, ba ta fita. Sai ki ga akuyarki tana ramewa, ciki ya kumbura, gashi ya tashi, kina ta sayen dusa da maganin tsutsa a banza. Akuyar da kike kiwo don kayan ɗakin 'yarki, ledar da kika jefar da hannunki ce ta kashe ta.

Maganin wannan bai kai kuɗin katin waya ba. Jaka ɗaya ta yadi ko ta buhu, ko kwando, a rataye ta a bayan ƙofa inda mai fita cefane zai gan ta. Robar manja daban, mai murfi. Kwanon awo ko tsohuwar robar fenti da aka wanke don gari da shinkafa. Ledar da ta riga ta shigo gida kuma, in dai ba ta nama ba ce, a ninke ta a ajiye, gobe ta sake fita. Akwai wata 'yar kunya da ke hana mu, na sani. Saurayi yana ganin riƙe kwando zubar da aji ne. Mai kanti kuma yana ganin idan bai ba ka leda ba ya raina ka, ko da ashana ɗaya ka saya. Kai ne za ka ce masa, “Bar ledar, Malam, zan sa a aljihu.” Ba zai ji haushi ba, shi ma saye yake yi.

Ku ƙara da wannan, iyaye mata: abinci mai zafi da leda ba sa shiri. Koko mai tururi a leda, tuwo a naɗe a leda tun yana ƙuna, alale a dafa shi cikin leda har ta yi laushi. Zafi da mai suna sa sinadaran roba su saki jiki su shiga abinci. Gwangwanin alale yana nan, ganye yana nan, kwanon sha da kula suna nan. Yaron da za a aika sayen koko a ba shi kofi mai murfi.

Wasu ƙasashen ba su tsaya lallashi ba. Bangaladash ta haramta siririyar leda a shekarar 2002, bayan da ta ga yadda ledoji suka toshe magudanan ruwa a manyan ambaliyoyin da suka afka mata. Ruwanda ta hana a 2008, har a filin jirgi karɓewa ake yi. Kenya ta bi sahu a 2017 da tara mai nauyi. A nan gida, jihar Legas ta haramta farar robar zuba abinci ta tafi-da-gidanka a farkon 2024. Doka tana da amfani, amma doka ba ta shiga madafi. Mun ga wuraren da aka rubuta ta a takarda, leda kuma tana ci gaba da shanya a kan ƙaya.

(Ɗan kiɗa)

'Yan makaranta, ga taku. Ku ɗauko biro mu yi lissafi tare. A ce ajinku mutum 60 ne, kowa yana shan ruwan leda biyu a rana. Leda 120 ke nan. A kwana biyar, 600. A zangon karatu na mako 13, leda 7,800. Aji ɗaya fa! Ku ninka da yawan azuzuwan makarantarku, sannan ku leƙa ta taga ku ga inda suke.

Ba na zargin kowa da shan ruwan leda. Inda famfo ya shekara bai kawo ruwa ba, rijiya kuma tana kusa da masai, wanda ya saya wa ɗansa ruwan leda ya yi dabara. Abin da nake cewa shi ne, in akwai ruwa mai kyau a gida, na burtsatse mai tsabta ko wanda aka tafasa aka tace, gora ɗaya mai murfi za ta yi wa yaro shekara, kuɗin tara kuma ya tafi ga abin da zai riƙe masa ciki. In kuwa dole sai an sha na leda, to kada ledar ta taɓa ƙasa. Monita ya rataye buhu a bayan aji, duk wanda ya sha ya jefa a ciki. Irin wannan ledar tana da masu saye, suna aunawa a sikeli, su kai kamfanonin da ke narkar da ita. Haka robobin lemo, haka gwangwanaye. Kuɗin ba zai gina aji ba, amma zai sayi tsintsiya da alli. Malam hedimasta, a yi haƙuri, kada buhunan su cika a bar su a bayan ofis har rana ta cinye su, yara su ga wahalarsu ta tafi a banza. Yaro ba ya sake yarda da aikin da ya ga babba ya yi wasa da shi.

Littafin rubutu kuma, in zango ya ƙare, a duba baya. Yawanci akwai fallaye goma ko ashirin da ba a taɓa ba. A ciro su, a haɗa, a ɗinke, an samu littafin gwaji. Littafin karatu a yi masa bango, ƙani yana tafe.

Yanzu mu dawo kan kwata. Idan ruwan farko ya sauka da ƙarfi, yana kwaso duk abin da aka zuba tun kaka, ya kai shi bakin kwalbati. Nan ledoji za su haɗu da yashi da tsumma da robobi, su yi toshiya. Ruwa kuwa ba ya jira. In ya rasa hanya sai ya koma baya, ya cika lungu, ya shiga zaure, ya jiƙa gindin katanga. Gidan ƙasa in gindinsa ya sha ruwa kwana biyu, kun san sauran. Mutanen unguwannin da ke bakin Jakara a Kano ba sa buƙatar a ba su labari. Ga kududdufan da a da suke shanye ruwan unguwa, an cike su da shara an yanka filaye an yi gini, ruwan kuma bai samu sanarwar ya daina zuwa ba.

Kada a ce na ɗora wa leda laifin kowace ambaliya. Wadda aka yi a 2022, da ta kashe mutum sama da 600 a Najeriya, ta raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu, Jigawa na cikin jihohin da suka fi shan wuya, wannan ta manyan koguna ce da ruwan sama mai yawa. Ta Maiduguri a watan Satumba na 2024 kuwa madatsar Alau ce ta ɓalle. Waɗannan sun fi ƙarfin tsintsiya. Amma ruwan da ke shiga ɗakinka duk shekara bayan ruwan sama na sa'a ɗaya, ba kogi kusa, ba madatsa, wannan na kwatar ƙofar gida ne. A Akara ta ƙasar Gana, ranar 3 ga Yuni 2015, ruwa ya cika tituna saboda magudanai sun toshe, mutane suka fake a wani gidan mai, man ya bi ruwa, wuta ta tashi, aka rasa rayuka kimanin 150. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ka shafa wa naka ruwa.

Bayan ruwa ya janye ma ba a gama ba. Wanda ya kwanta a ramuka da tsofaffin tayoyi da gwangwanaye, cikin mako ɗaya zuwa kwana goma sauro ya ƙyanƙyashe ya tashi. Kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya a Najeriya suke. Ruwan da ya wanko bola da masai kuma in ya gangara rijiya, sai amai da gudawa. A 2021 kwalara ta kama mutum sama da dubu ɗari a ƙasar nan, ta kashe fiye da 3,000, jihohin arewa irin su Bauchi da Kano da Jigawa suna kan gaba.

Saboda haka yasar kwata yanzu ake yin ta, kafin ruwa ya zauna. Matasan lungu su fito da shebur da manjagara da baro. Amma ga inda muke kuskure kullum: a yashe, a tara baƙin taɓon a bakin kwatar, a tafi. Ruwa ya zo ya mayar da shi inda aka ciro shi. Kafin a fara, mai unguwa ya san wa zai kwashe, da wace mota ko kura, zuwa ina. A Kano akwai hukumar REMASAB da aka ɗora wa kwashe shara, sauran jihohi ma kowace da tata. A je musu tun da wuri, a koma, a sake komawa. Haƙƙinku ne, ba alfarma ba ce. Ni ba na cikin masu cewa duk laifin talaka ne. Unguwar da ba a ajiye mata wurin zuba shara ba, motar kwasa ba ta shiga sai za a yi baƙo, kada a zo ana yi mata wa'azin tsabta da baki kawai. Asabar ɗin ƙarshen wata da ake hana zirga-zirga don tsabtace muhalli, al'adar da ta samo asali tun mulkin soja na Buhari da Idiagbon a tsakiyar shekarun 1980, a wurare da yawa ta koma ranar ramuwar barci. Kowa da nasa kason a ciki.

Wani zai ce, “To ni ƙona tawa nake yi, ba na damun kowa.” Kana damun kowa, Alhaji, har da kanka. Hayaƙin leda da roba da taya ba irin na kara ba ne. Baƙi ne, mai kauri, mai ɗaci a maƙogwaro, ɗauke da guba da ke shiga huhu. Mai asma a maƙwabta shi zai kwana a zaune. Jariri da tsoho su ne suke fara tari. Kuma ina roƙon iyaye mata da masu shayi da masu gashi, a daina hura gawayi da leda. Na san tana kamawa da wuri, tana ɗiga tana ci. Amma fuskarki ce a kai kina fifita, ɗanki yana goye a baya. Busasshen kara, takarda, ɓawon rake da ya bushe, duk za su tayar da wuta.

Abin da zai rage wa kowa wahala shi ne a raba sharar tun daga gida, kuma ba sai an sayi wasu robobi masu launi ba. Tsohon bokiti ɗaya don abin da ke ruɓewa: ɓawon albasa, na doya, ganyen shayi, toka mai sanyi, sharar turke. Buhu ɗaya don abin da 'yan gwangwan ke saye: ƙarfe, dalma, robobi, tsofaffin silifas, kwalabe. Abin da ya rage bayan wannan, za ku sha mamakin ƙanƙantarsa. Na bokitin, in akwai ɗan fili, a haƙa rami a lungu, a riƙa zubawa ana rufawa da ƙasa ko toka, ana ɗan yayyafa ruwa, ana juyawa lokaci-lokaci. Cikin wata biyu zuwa uku ya zama baƙin taki mai ƙanshin ƙasa. Da tsadar buhun takin zamani a yau, ba sai na yi dogon bayani ba. In ba gona, a zuba a buhu a shuka alayyafo da yakuwa da tattasai a tsakar gida.

Batir kam a ware shi daban, nesa da yara. Na tocila kada a jefa a wuta ko a ramin taki. Babban na mota da na sola kuwa dalma ce a ciki da ruwan batir mai ƙuna. Kada a bari a fasa shi a tsakar gida ko a lungu. Mun ga abin da gubar dalma ta yi a Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu a ƙauyukan da ake niƙa dutsen zinare a cikin gidaje. Can daga dutse ta fito, nan daga batir, amma gubar ɗaya ce, kuma ƙwaƙwalwar yaro take fara taɓawa. A mayar wa mai sayarwa, a yi musanye.

(Ɗan kiɗa)

Ruwa ba zan daɗe a kansa ba, domin wadda ke sayen jarka a hannun mai kura ta fi ni sanin darajarsa. Masu tanki a sama ne ke buƙatar tuni. A tayar da inji, a manta, tanki ya cika yana ambaliya ta bango har lungu ya yi caɓi, maƙwabci kuma yana layi da bokiti. Famfon da ke ɗiga, ka tara masa bokiti da dare ka duba da asuba, sai ka yanke hukunci da kanka ko ya kamata a kira mai gyara. Malamanmu sun karantar da mu cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, da mudu ɗaya na ruwa yake alwala, abin da bai cika lita ɗaya ba. Mu kuwa sai mu saki famfo yana zuba tun daga wanke hannu har wanke ƙafa. Buta ta fi. Ruwan alwalar kuma, da na wanke shinkafa da ganye, kada ya bi rariya. A tara a kai gindin shuka.

Wuta ma haka. Ƙwan lantarki na zamani mai wat 9 yana ba da hasken tsohon mai wat 60, ba ya kuma zafafa ɗaki. Mai mita ta kati ya san bambancin. A kashe fanka in an fita, a zare dutsen guga da hita in an ɗauke wuta, don gobara da yawa daga nan take tashi idan an dawo da ita cikin dare. Janareto kuwa a waje, nesa da taga. Hayaƙinsa yana da wata iska marar wari da ke kashe mutane cikin barci, haka ma kaskon gawayi a rufaffen ɗaki da hunturu.

Sai madafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gidaje yana jawo mutuwar mutum kusan miliyan uku a kowace shekara, mata da ƙananan yara ne suka fi shaƙarsa. Murhun duwatsu uku yana zubar da mafi yawan zafinsa ta gefe, iska ta kwashe. Murhu mai tsimin itace, ko na ƙarfe na saye ko wanda aka gina da laka ya rungume tukunya, yana rage itacen da ake ci sosai. Wadda ba ta da shi ma akwai abin yi. A jiƙa wake tun dare. A rufe tukunya. A yanka itace ƙanana a bar shi ya bushe, ɗanye hayaƙi kawai yake yi. A kare murhu daga iska. In an sauke, a zare ragowar itacen a kashe da yashi. Shinkafa in ta tafasa ta kusa tsotsewa, a sauke a lulluɓe tukunyar da tsohon bargo, za ta ƙarasa da zafinta. Maigida, in da hali, ka gyara madafin nan ya samu taga. Ba kai ke zama a ciki ba, shi ya sa ba ka san yadda ido ke yaji ba.

Kowane ƙullin itace da kowane buhun gawayi daga jikin bishiya suka fito, kuma motocin da ke kawo su kullum nisa suke ƙarawa. Wannan ya kawo mu kan shuka. Duk damina ana bikin dashen itatuwa, manya su zo da babbar riga, a riƙe musu laima, su dasa, a ɗauki hoto. Ku koma wurin a watan Afrilu. Dasawa ba ita ce aikin ba, raino ne aikin.

'Yan'uwanmu na Jamhuriyar Nijar, da suke ware ranar 3 ga Agusta, ranar da suka samu 'yancin kai, don dashen itatuwa, sun nuna wa duniya wata hanya. A yankin Maraɗi, tun wajen 1983, wani ma'aikacin gona ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sarewa wajen sassabe ba ciyawa ba ce, tohon tsofaffin kututture ne masu rai, saiwarsu tana can ƙasa da zurfi. Manoman da suka gwada suka riƙa zaɓar toho biyu zuwa biyar masu ƙarfi a kowane kututture, su datse sauran, su kare su daga dabbobi. Ba reno a leda, ba ban ruwa, domin saiwar ta riga ta kai ga laima. Daga gona zuwa gona abin ya bazu a Maraɗi da Damagaram, har aka ƙiyasta itatuwa kusan miliyan 200 a kan hekta miliyan 5. Da yawansu gawo ne, itacen da manomi ke so don yana zubar da ganye da damina, ba ya tare wa gero rana, ga taki a gindinsa, ga 'ya'yansa abincin dabbobi da rani. Yaran da ke bin iyayensu gona, bana in an zo sassabe ku roƙi Baba ya bar muku kututture biyu ko uku, ku yi musu alama da tsumma.

Na birni kuwa, bishiya ɗaya ta ishe ka, in dai za ka tsaya mata. Ka jira ruwa ya zauna, wajen Yuli. Ka haƙa rami mai zurfin kamu biyu, ka gauraya ƙasar da takin nan na bokiti. Ka yage ledar da aka raini dashen a ciki kafin ka binne, mutane da yawa suna mantawa. Darbejiya tana da juriya da inuwa, amma a nisanta ta da gini da masai saboda saiwa. Zogale yana saurin girma, ga miya ga kwaɗo. Mangwaro da gwaiba suna son ruwa, sai inda ake da shi. Babban abokin gaba akuya ce, don haka ranar dashe ita ce ranar shinge: ƙaya, ko tsohon kwando da gindinsa ya fita, ko tubali a jera a bar ƙofofin iska. A makaranta kuma kada a ce bishiyar ta kowa ce. A raba, kowane aji da tasa, a rubuta sunan ajin a jikin shingen, a kuma san wa zai kula da ita lokacin dogon hutu.

Idan ruwa ya ɗauke, ka samo robar lemo babba, ka huda gindinta da allura wuri biyu, ka binne ta a gefen dashen, bakin yana waje. Ka cika ta da ruwan alwala duk bayan kwana biyu ka rufe. Ruwan zai riƙa tsatsafowa kai tsaye wurin saiwa, rana ba ta shanye ba. Bazara biyu za ka yi kana wannan, daga nan ta kama ƙasa.

Agogon ɗakin watsa shiri ya nuna lokacinmu ya cika. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba batun rijiya da masai, tazarar da ta kamata a bari a tsakaninsu, da yadda ake tsabtace ruwan sha a gida lokacin damina.  

(Kiɗan rufe shiri)